Yadda na gyara katin da haruffansa suka lalace a wurin ɗab'i

Na tsara katin saukar karatu na Islamiyyar unguwarmu da ke Tudun Wada da manhajar Inkscape a kan Linux, na ajiye shi a matsayin SVG, wato wani nau'in fayil ɗin zane, sannan na kai wa wani mai ɗab'i a Sabon Gari wanda ke aiki da CorelDRAW a kan Windows. Da ya buɗe fayil ɗin, sai muka tarar duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna, hoton allon da ke tsakiya kuwa ya ɓace ɗungurungum.

Abin da na gano shi ne, SVG sunan salon haruffa kawai yake ambata, ba ya ɗauke da shi, saboda haka kwamfutar da ba ta da wannan salo sai ta musanya shi da wani wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Hoton ma adireshinsa kawai fayil ɗin ya riƙe, shi kansa yana gida.

Na ware kwafi ɗaya na adana, domin rubutun da aka mayar zane ba ya sake gyaruwa. A ɗayan na zaɓi rubutun duka, na danna Shift da Ctrl da C tare, ya koma zane, wanda ba ya buƙatar salon haruffa kuma. Na cusa hoton cikin fayil ɗin, na ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Launi ne ya fi ba ni wahala, tunda Inkscape da RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, yake fitarwa, injin ɗab'i kuma CMYK, tsarin launin tawada, yake so. Na shigar da aikin cikin Scribus, manhajar tsara shafuka, na fitar da PDF/X-1a, wato nau'in PDF da aka keɓe don ɗab'i. Koren ya ɗan dusashe, amma da muka buga gwaji guda ɗaya, kowane harafi ya fito daidai.