Darasi na 9: Sai da gida kuɗi hannu

Karanta wannan hira da ƙarfi, sannan a tattauna a aji.

Wani magidanci ne a unguwar Zariya ta garin Maraɗi, matarsa na kwance asibiti, kuɗin aiki sun gagara. Da yamma sai ga wani mai kuɗi ya yi sallama a ƙofar gida.

"Malam, na ji kana cikin matsuwa. Ni ba na son dogon zance. Gidan nan na saya yadda yake, ba sai ka gyara komi ba. Miliyan bakwai da rabi, gobe da hantsi kuɗinka na hannunka."

"Alhaji, a ba ni kwana biyu in yi shawara da Yaya."

"A'a Malam, jibi zan yi tafiya. In ba gobe ba, shi ke nan."

Duk wanda ya zauna Maraɗi ya san irin wannan ciniki. Hanya biyu ake bi a sai da gida. Ta farko, ka ba dillalai, su yi ta kawo masu saye suna dubawa suna tayi, har a sami wanda ya kai farashin da ka sallama. Tana ɗaukar watanni, wani lokaci shekara. Ta biyu, ka sami mai kuɗi a ajiye wanda zai biya nan take, amma da ragi mai yawa. Ciniki ne halas in an yi shi da yarda. Sai dai ka sani, mai saye kuɗi hannu gaugawarka yake ciniki, ita ce ribarsa. Shi ya sa irinsu suka fi yawo lokacin da mutane ke cikin ƙunci: bayan ruwan damanar 2024 da ya rushe gidajen ƙasa masu yawa a garin nan, ko lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 kasuwa ta tsaya wa ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Lissafi kafin sallamawa

Ɗauko alli ko biro. Waɗannan lambobi misali ne na koyo, kowa ya sa na gidansa.

A ce gidan ya kai 10.000.000 F (F na nufin sefa, jika guda kuma 1.000 F ce). Alhaji ya taya 7.500.000 F. In an bi ta dillali aka jira wata 6, a ce an sai da shi 9.500.000 F. A cire la'adar dillali, a ce an yi da shi kashi 5 cikin 100, wato 475.000 F. A cire gyaran katanga da shafe, 300.000 F. Abin da ya rage 8.725.000 F. Tsakanin wannan da tayin Alhaji akwai 1.225.000 F. Kuɗin gaugawa ke nan, sama da jika 200 a kowane wata na jira.

Yanzu tambayar da mutane ke mantawa: nawa ake buƙata a asibitin? In jika 600 ne, to an yi asarar ninki biyu na abin da ake nema, gida kuma ya tafi. Gobe sai haya. Hayar jika 30 a wata, a shekara 360.000 F ce, kuma ba ta ƙarewa. Na ga iyalai da dama da suka sai da gida don buƙatar da tumaki biyar da gudummawar dangi za su iya rufewa, abin yana ci mini rai har yau. Kafin ka taɓa gida, duba bisashe, duba adashi, duba ko za a fitar da shago a jikin katanga a ba da haya a karɓi kuɗin shekara gaba ɗaya, ko a yanki gefen fili a sayar a bar ɗakuna.

Akwai lokacin da sai da gaugawar ne ya fi. Gidan ƙasa da ke cikin kwari, ruwa na cin gindinsa kowace damana, jira ba ya ƙara masa daraja. Maraɗi kanta a gefen Gulbi take can da, sai da ambaliyar 1945 ta sa aka dawo da gari kan tudu. Haka mai bashin da ke hauhawa, ko magada da zama tare ya gagare su. In haka ne, kar ka tsaya kan mutum guda. Ko cikin kwana uku ana iya jin tayin mutum uku. Ka tambayi maƙwabta nawa aka sai da gidan da ya yi kama da naka a layinku. Ka kuma yi hattara da dillalin da zai zo da abokansa su yi ta tayi ƙasa ƙasa don ka ɗauka gidanka bai da kasuwa.

Gidan na wane ne?

Nan ne rigima ta fi yawa. In gidan gado ne ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon sai da shi shi kaɗai, ko da shi ke riƙe da takarda. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai ƴaƴa, ƴaƴa mata suna da rabonsu, marayu ƙanana akwai mai kula da haƙƙinsu, wanda ke ci-rani a Kano ko Agadas shi ma da nasa. A fikihun Malikiyya da muke bi akwai shufu'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sai da kasonsa ga bare, sauran suna da damar biyan kuɗin su karɓe. Cinikin da aka yi a ɓoye wa Inna ko ƙanwa, ƙarshensa gaban alƙali ne, a yi shekaru ana jeka ka dawo, zumunci ya lalace. A tara kowa, a faɗa masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Takardu

Filin da magajin gari ya yanka ya raba yana da takardar da ake kira akt da sesiyon, mai ɗauke da lambar fili da sunan mai shi. Bayan ciniki a ma'aikatar magajin gari ake canza suna. Sama da ita akwai titir fonsiye, wadda ma'aikatar kula da filaye ta gwamnati ke bayarwa. Tun 2006 aka fito da hanya mai sauƙi ta samunta da ake kira Sheda. Gida mai titir a gaban notar, wato masanin doka mai tabbatar da takardun ciniki, ake cinikinsa. Gonaki da filayen karkara kuwa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo ne ke rubuta su, ƙarƙashin dokar karkara ta 1993.

Ka nuna wa mai saye kwafi. Asalin takarda ba ta barin hannunka sai kuɗi sun cika. Wanda ya ce "kawo in kai a duba mini," ka ce masa mu tafi tare. In takardar tana jingine a banki ko wurin wani, faɗi gaskiya tun farko. Haka bashin wutar Nigelec da na ruwa da lampo, da aibin gida kamar tsagewar bango ko masai da ya cika. Ɓoye aibi haramun ne, kuma yana iya warware ciniki.

Ranar biya

Allah ya umarce mu cikin suratul Baƙara, aya ta 282, mu rubuta bashi mu kuma kafa shaidu idan mun yi ciniki. Saboda haka a yi shi da rana, gaban mai unguwa da shaidu, naka da nasa. A rubuta sunan mai sayarwa da mai saye, lambar fili, maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, farashi, wanda zai biya la'ada da kuɗin canza suna, da ranar da za ka tashi. Wannan ta ƙarshe kar a raina ta. Wanda ya karɓi kuɗi bai nemi wa'adi ba, zai iya ganin kayan matarsa a titi cikin mako guda. Nemi wata ɗaya ko biyu a rubuce.

Ga amfanin karatun da kuke yi. A baki muna cewa jika da miliyan, takarda kuma sifiri take ƙirgawa. Dubi waɗannan:

750.000 F
7.500.000 F

Sifiri guda ne tsakaninsu, amma na farko jika ɗari bakwai da hamsin ne, na biyu miliyan bakwai da rabi. A rubuta farashi da lamba, a sake rubuta shi da kalmomi. Takardar da ke cikin Faransanci, ka zo da naka mai karatu ya fassara maka layi layi. Kar ka dangwala yatsa a farar takarda, ko wadda aka bar gurbin kuɗi ba a cike ba.

In an ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, yaushe za a cika, da abin da zai faru in ba a cika ba. Da yawa an ce musu kuɗi hannu, aka ba su rabi, sauran ya koma "sai kaya sun iso."

Miliyan guda takardar jika goma guda 100 ce. Miliyan bakwai da rabi guda 750 ke nan, ba abin ƙirgawa a zaure da fitilar hannu ba. Ku tafi banki tare, a ƙirga da na'ura, a tace jabu, a zuba cikin asusunka, ka karɓi rasit, sannan ka miƙa takarda. In an ce za a biya da naira, ka tuna canjinta na hawa da sauka a kasuwa. A tsayar da farashi da sefa. Kuma kar labarin kuɗin ya riga ka isa gida.

Aikin gida

Rubuta da lamba: miliyan shida da jika ɗari biyu. Sannan ka lissafa: an taya gida 6.200.000 F kuɗi hannu, dillali kuma ya ce in an jira za a samu 8.000.000 F, la'adarsa 400.000 F. Nawa ne kuɗin gaugawa? Wanda ke da takardar gida ko fili ya duba sunan wa ke jiki, ya kwafo lambar filin cikin kayensa, mu karanta tare ranar Asabar.