Ga masu tace bidiyon da aka ɗauka da waya

Idan wanda ya ba ka aiki ya turo maka bidiyon waya, kada ka fara yanka nan take. Ka fara wuce da shi ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, kyauta ce.

Dalili kuwa, yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin hotuna iri ɗaya a kowace daƙiƙa (frame rate). Yanzu 30, in haske ya ragu sai ya sauka. Wasu manhajojin tacewa suna rikicewa da haka. Farkon bidiyo lafiya lau, amma can gaba sai ka ga baki na motsi, murya na biyo baya.

Ka buɗe fayil ɗin a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan bidiyo. In ka ga Variable a layin Frame rate mode, to ga matsalar.

A HandBrake ka shiga Video, ka zaɓi H.264, a Framerate ka sa 30 ko abin da aka ɗauka da shi, ka danna Constant Framerate don adadin hotunan ya tsaya a wuri ɗaya. Ingancin ka bar shi tsakanin 18 da 20 a ma'aunin inganci mai suna RF. Wanda ya fito shi za ka tace. Na asalin kuma ka adana, domin kowace juyawa tana ɗan rage kyau.

Inda dabarar ba ta aiki: in jinkirin muryar iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamar yadda makirufon Bluetooth ke jawowa. Wannan sai ka ja layin sautin da hannu har ya zauna.

Kai da ka fara karɓar aiki da kanka, ka nemi ganin fayilolin kafin ka yanke kuɗi. Juya bidiyon awa biyu yana cin lokaci, ka lissafa shi cikin ladanka.