Kurakuran da ke sa a cinye ka da wuri a Puyo Puyo

Puyo Puyo gem ne da kamfanin Compile na Japan ya fitar a 1991, inda 'yan dunƙule masu kala ke faɗowa biyu-biyu, huɗu masu kala ɗaya in sun haɗu su fashe, kuma waɗannan 'yan dunƙule masu ido da ake jerawa asalinsu ƙananan dodanni ne a gem ɗinsu na labari da yaƙar dodanni (RPG) mai suna Madou Monogatari, jarumar gem ɗin Arle da ɗan dabbarta Carbuncle ma can aka ɗauko su. In ka taɓa buga Dr. Robotnik's Mean Bean Machine a Sega to shi ne dai, riga kawai aka canza masa.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne da ya ga huɗu kala ɗaya sai ya fasa, ya ji daɗi wai yana rage kaya. Ai wannan kusan ba ya taɓa abokin karawarka. Abin da ke kashe mutum sarƙa ce, wato waɗannan su fashe, na sama su rikito su haɗu da 'yan uwansu su ma su fashe, haka har sau huɗu ko biyar, ita ke tura wa abokin karawarka shara, wato dunƙulen da ba su da kala masu cika masa fili. Fara da jerin matakala, ja uku a tsaye ka ɗora shuɗi ɗaya a kansu, layin gefensa shuɗi uku ka ɗora kore ɗaya, na gaba kore uku. Da ja na huɗu ya taɓa jajayen sai shuɗin nan ya faɗo ya cika huɗu, koren ma ya biyo baya. Ka lura kusurwa da kusurwa ba haɗuwa ba ce, sai gefe da gefe ko sama da ƙasa.

To sai wanda ya iya ginin kuma ya binne bakin sarƙar da hannunsa, ya jibga wata kala a daidai inda ja na huɗun zai sauka, shi ke nan ginin ya zama kwalliya. Bar wajen a buɗe, tarkacen da ba ka buƙata ka tura can ɗaya gefen.

Akwai masu tara kaya a tsakiya kuma. Filin layi 6 ne a tsaye, kowanne tsawo 12, amma layi na uku daga hagu shi ne ajalinka, in ya cika an gama ko da sauran wajen fayau yake. Kuma don Allah ka riƙa leƙa akwatin da ke nuna biyun da za su zo, mutane da yawa ba sa kallonsa sam.

Kwaɗayi ma na kayar da gwanaye. A Puyo Puyo na farko babu hanyar soke sharar da aka turo maka, wanda ya riga tada sarƙa 5 yawanci ya ci, don haka tsayawa gina 8 ganganci ne. Sai a Puyo Puyo Tsu na 1994 aka kawo tsarin da sarƙarka ke soke sharar da abokin karawarka ya turo, a nan in ka ga shara ta taru a saman filinka kar ka rikice, tada naka kafin ta sauko. Wadda ta riga ta sauko kuma ba ta fashewa da kanta, sai ka fasa masu kala a jikinta.