Kafin ka sayi tsohuwar mota mai jan tayoyi huɗu don hunturun Kanada da Amurka

'Yan uwa mazauna ƙasashen dusar ƙanƙara, kafin a duba inji a fara leƙa ƙarƙashin mota. Gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfe. Ka ɗan ƙwanƙwasa da guduma, inda ya yi taushi ko tsatsa ta zubo, ka haƙura da ita komai arharta.

A Jeep Cherokee XJ (1984 zuwa 2001) ka nemi mai akwatin raba ƙarfi (na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya) samfurin NP242, wadda ke iya jan tayoyi huɗu a kan kwalta kullum. Mai samfurin NP231 kuwa ba ta bambanta gudun tayoyin gaba da na baya, don haka idan ka bar ta a huɗu kan busasshiyar kwalta, za ta riƙa cijewa a kwana har wani ƙarfe ya ci. Land Cruiser 80 ta fi juriya a daji, sai dai shan mai. Duba bayan tayoyinta na gaba, ko giris na tsiyaya.

Tayoyin laka masu manyan haƙora santsi suke yi a ƙanƙara. Sayi na hunturu huɗu, masu tambarin dutse da dusar ƙanƙara. Jan tayoyi huɗu ba ya rage nisan birki.