Darasi na 7: Tusar Jaki da Sankarar Bakin Mahaifa

Kusan kowa ya taɓa ganin tusar jaki a yatsan yaro, ɗan tsiron nan mai kaushi da wasu ke ɗaurewa da zare. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, likitoci suna kiranta HPV. Danginta sun haura iri 100, kowane da lambarsa.

Ku kwantar da hankalinku, tusar jaki ta hannu ko ƙafa ba ta rikiɗa ta zama sankara, sau da yawa ma da kanta take ɓacewa. Lamba 6 da 11 su ke kawo tsiro a al'aura. Abin yana da ban kunya, amma ana maganinsa a asibiti.

Masu haɗarin su ne waɗanda ido ba ya gani, musamman lamba 16 da 18. Ana ɗaukarsu ta wurin saduwa, kuma namiji kan ɗauke su bai sani ba, saboda haka ba abin zargin mace ba ne. Jikin yawancin mutane yana kawar da ƙwayar da kansa. A jikin wasu matan kuwa sai ta maƙale a bakin mahaifa, shiru, babu zafi babu ƙaiƙayi, shekara 15 zuwa 20, kafin ta zama sankara. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008.

A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a Najeriya. Sau ɗaya ce, a dantse. Raɗe-raɗin wai tana hana haihuwa ba gaskiya ba ne, kuma abin takaici ne a hana yarinya kariya saboda ji-ta-ji-ta.

Ke kuma uwa, idan kin kai shekara 30, ki je a duba ki ko da kina jin garau. Ma'aikaciyar lafiya za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai yi nisa ba. Idan kika ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki tafi asibiti a makon nan.

Aikin gida: Rubuta sunayen 'yan matan gidanku masu shekara 9 zuwa 14, da ranar da za a kai su asibiti.