Hunturun farko a Birtaniya: ɗumin gida, danshi da saƙar ulu

Wanda ya sauka Birtaniya a watan Satumba yakan ɗauka sanyin bai kai yadda ake faɗa ba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma kafin Disamba ta yi nisa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Sanyin nan ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Jiƙaƙƙe ne, yana shiga bango ya zauna.

Yawancin gidaje tukunyar gas ce ke dumama ruwa, ruwan ya zagaya cikin radiyetocin ɗakuna. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18, musamman inda akwai tsoho ko mara lafiya. Ku saita na'urar daidaita ɗumin gida tsakanin 18 da 20, ku sa mata lokacin kunnawa da kashewa. Murɗa ta zuwa 28 ba ya sa gida ya yi saurin ɗumi, kuɗin gas kawai yake ci. In radiyeta ta yi zafi a ƙasa, samanta kuma sanyi, iska ce ta maƙale. A kashe hita, a buɗe ɗan bakin da ke gefen sama da makullinsa har iskar ta gama fita ruwa ya ɗigo, sai a rufe. Bayan haka a duba allurar da ke nuna matsin ruwa a jikin tukunyar gas ɗin, ta tsaya tsakanin 1 da 1.5.

Danshi ya fi sanyi ɓarna. Girkinmu na doguwar tafasa ne, wake, ganda, ruwan tuwo, tururin kuma ba shi da mafita a gidan da aka toshe ko'ina. Sai ya kwanta a gilashin taga da bayan kabad, baƙar funfuna ta tsiro, ga tari ga rigima da mai gida kan kuɗin ajiya. A rufe tukunya, a kunna fankar kicin, a buɗe taga minti 10 kowace safiya ko da ana sanyi, a bar ɗan rata tsakanin kayan ɗaki da bango. Shanya a kan radiyeta ma tana ƙara jawo danshin. Gawayi kuwa, ko na turaren wuta ne, kada a hura shi a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Kaskon lantarki ya wadatar.

Mutanen ƙasar sun daɗe da gane cewa dumama jiki ya fi dumama gida araha, shi ya sa ulu ke da daraja a wurinsu. Arzikin birnin Bradford a kan ulu aka gina shi, masuntan gaɓar teku suna da rigarsu mai kauri da ake kira gansey, tsibirin Fair Isle na Shetland kuma sunansa ya zama sunan saƙa mai launi-launi. Wadda ta iya kwarashi tun daga gida, tana yi wa jarirai hula da safa, hannunta ya riga ya san riƙon zare. Abin da ya rage mata shi ne saba wa tsinke biyu.

Takardar da ke naɗe da ƙwallon zare ita ce malamar farko. Za ku ga sunan kaurin zare, kamar DK, wanda ke tafiya da tsinke mai kaurin milimita 4, yana ba da ido 22, wato madaukan zare a kan tsinke, a faɗin santimita 10. Aran ya fi shi kauri, tsinkensa milimita 5, ido 18. Mai koyo ya fara da Aran mai haske, don a baƙin zare ba a ganin kuskure sai an yi nisa. Akwai kuma lambar rini. Ku sayi duk abin da aikin zai ci lokaci guda, lamba ɗaya, in ba haka ba za a ga layi a inda sabon ƙwallo ya shiga. Hattara da lambar tsinke: a tsohon ƙidayar Birtaniya 8 na nufin milimita 4, a Amurka kuwa 8 milimita 5 ce. Milimita za ku bi.

Mayafin wuya: a ɗora ido 36 na Aran, a yi ta saƙar gaba (knit) kowane layi har tsawon ya kai santimita 150. Zai ci giram 200 zuwa 300. In aka yi layi ɗaya gaba, ɗaya baya (purl), gefen zai nannaɗe, guga ba ta gyara shi. Hular babba kuwa giram 100 ya isa. Ido 88, biyu gaba biyu baya, har santimita 18, sannan a riƙa haɗa ido biyu-biyu har su rage kaɗan, a zare zaren ta cikinsu a ja, a ɗinke gefe. In faɗin aiki yana ƙaruwa da kansa, zaren ne ke hayewa kan tsinke a farkon layi, ana saƙa ido ɗaya kamar biyu. Ƙirga ido bayan kowane layi yana kama wannan da wuri.

Ana samun zare a Hobbycraft da John Lewis, amma shagunan sadaka irin su Oxfam sukan sayar da tsinke da ragowar ulu da rahusa. Laburaren unguwa da yawa suna da zaman saƙa da hira na mako-mako, galibi kyauta, da shayi. Mutanen da ba sa ɗaga ido a jirgin ƙasa, a can za su karɓi aikinku su tsince idon da ya zame, ku kuma ji ranar kwashe shara da makarantar da ta fi kyau.

Ulu na gaske ba ya son ruwan zafi da murza, yana cuɗewa ya ƙanƙance, kuma ba ya dawowa. A wanke shi da hannu ko a shirin ulu na injin a digiri 30, a matse cikin tawul, a shimfiɗa a kwance, don rataya tana ja masa tsawo. Idan bazara ta shigo, a wanke kafin a ajiye a jaka mai zip, saboda asu ya fi bin tufar da ke da gumi.