Kurakuran da masu tara tsofaffin wasiƙun rajista suka fi yi

Babbar ɓarnar da ake yi wa tsohuwar wasiƙar rajista ba ta ɗaukar minti biyar. A tsoma ambulan a ruwa, a ɗaye kan sarkin, a liƙa shi a kundi, a jefar da takardar. Mai yin haka gani yake ya tsamo abin daraja, alhali abin darajar ne ya tafi kwandon shara. Yawancin kan sarkin ƙarni na 19 an buga su ne miliyoyi, kuma har yau suna nan birjik a hannun dillalai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ambulan ɗin da ya tsira cikakke, da ranar da aka aika shi, da lambar rajistarsa, da hatimin kowane gidan waya da ya ratsa.

Wasiƙun yankin Kamfanin Neja, wato kamfanin Birtaniya mai suna Royal Niger Company, sun isa misali. Kamfanin ya riƙe bakin kogin Kwara da abin da ya yi sama daga 1886 zuwa ƙarshen 1899, kuma bai taɓa buga kan sarki nasa ba, na Birtaniya yake amfani da su. A shekarun farko ma'aikatansa a Akassa, tasharsa da ke bakin Kwara, ba sa buga hatimi a kan kan sarkin, sai dai su danna tambarin kamfanin a gefe, a jikin ambulan, sai wasiƙar ta isa Ingila sannan a soke kan sarkin. To in ka ɗaye shi, me ya rage a hannunka? Kan sarkin Ingila mai hatimin Ingila, irin wanda ake sayarwa a tsibi. Shaidar cewa daga bakin Kwara ya fito ta bi takardar da ka yar. Saboda haka kada ka ɗaye, kada ka yanke kusurwa da almakashi, kada ma ka kusantar da shi ga ruwa. Kamfanin De La Rue, wanda ya buga wa Birtaniya da yankunan mulkinta kan sarki, da gangan yake amfani da tawada mai zuba don kada a wanke hatimi a sake amfani da su. Koren tawadar jerin 1883 zuwa 1884 ɗan jiƙo kaɗan ke kashe shi.

Kuskure na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin shi ke raba mai tara tarihin gidan waya da mai tara takardu masu kyan gani: saye ba tare da yin lissafin kuɗin aikawa ba. Kowace wasiƙar rajista kuɗi biyu ke kanta, na ɗauka da na rajista, kuma duka biyun suna da ƙa'ida a kowace shekara. A Birtaniya an fara rajista a watan Janairun 1841 a kan sule guda. Ya sauka zuwa sisi a 1848, zuwa kwabo huɗu a 1862, sannan kwabo biyu daga farkon 1878. Kuɗin ɗauka zuwa ƙasashen waje kuwa ya daidaita bayan yarjejeniyar Bern ta 1874, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1875, inda wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba ta koma kwabo biyu da ɗari (ɗari shi ne rabin kwabo) tsakanin Birtaniya da ƙasashen ƙungiyar gidajen waya da yarjejeniyar ta kafa. Ke nan wasiƙar rajista daga Landan zuwa Faris a 1885 kwabo huɗu da ɗari ya kamata ta ɗauka, in ta ninka nauyi kuma kwabo bakwai. Idan ka tara abin da ke jikinta ka ga bai faɗa kan ɗayan waɗannan matakai ba, sai ka tambayi dalili. Wataƙila wani kan sarki ya faɗi, wataƙila an ƙara wani daga baya don a ƙawata ta, wataƙila kuma akwai dalili na gaskiya da zai ƙara mata daraja in ka gano shi.

Sai dai lissafin yana da tarko, kuma sababbin shiga kan faɗa ta ɓangare biyu. Akwai lokutan da kuɗin rajista da tsaba ake biyansa a kan kanta, ba ya fitowa a kan sarki. Haka yake a shekarun farko a Birtaniya, haka kuma a Amurka, inda aka fara rajista ranar 1 ga Yulin 1855 a kan santi biyar, ba a kuma koma biya da kan sarki ba sai 1867. Wanda bai san wannan ba zai ga wasiƙar Amurka ta 1858 da santi uku kacal, ya ce ba ta cika ba, ya bar abu mai kyau ya wuce shi. Ɗaya ɓangaren kuma ambulan na musamman ne da gidan wayar Birtaniya ya fara sayarwa a 1878, mai rufin ƙyalle a ciki, da shuɗin tambarin kwabo biyu a marfinsa. Wannan kwabo biyun na rajista ne kawai, kuɗin ɗauka dole a liƙa shi daban. In ka ga irin wannan ambulan na ƙarni na 19 an yi amfani da shi amma ba kan sarki ko ɗaya a jikinsa, karkata shi a hasken taga, galibi za ka ga gurbin wanda aka cire.

Daga nan sai alamomin rajista, waɗanda kowace ke da zamaninta. Shuɗin layin nan biyu da suka gicciye a fuskar ambulan da bayansa, da yawa kan ɗauka zanen banza ne wani ya yi, har su sa abin goge fensir su share. Kwaikwayon zare ne. Da can koren zare ake ɗaure wasiƙar rajista da shi a Birtaniya don ma'aikaci ya gane ta da kallo ɗaya, daga 1878 aka koma shuɗin layi. Share shi share shaida ne. Amma da yake shuɗin fensir ba shi da tsada, shi ne kuma abu mafi sauƙi da maha'inci zai ƙara wa wasiƙar gama-gari ya kira ta ta rajista, don haka layi shi kaɗai ba hujja ba ne, sai ya zo da lamba da hatimin rajista da kuɗin da ya dace. Ƙaramar takardar nan mai harafin R da lamba ita ma tana ruɗa mutane. Jamus ta fara amfani da ita tun shekarun 1870, Amurka ta riƙa liƙa ta ga wasiƙun ƙasashen waje daga 1883, Birtaniya kuwa ba ta karɓe ta ba sai 1907. Wasiƙar cikin gida ta Ingila mai kwanan 1890 da irin wannan takarda a goshinta, wani ne ya liƙa. A Faransa kuma kada ka haɗa wasiƙa mai tambarin CHARGÉ da mai RECOMMANDÉ. Ta farkon ita ce ake tsaurara wa tsaro, ana rufe ta da hatiman ɗanko, a rubuta nauyinta da adadin hatiman a baya.

Bayan ambulan ma ana yawan raina shi. Mai sayarwa a intanet ya sa hoton gaba kawai, mai saye ya biya. Alhali wasiƙar rajista duk hannun da ta shiga sai an sa mata hannu, shi ya sa bayanta ya fi na kowace wasiƙa cika da hatimai. Wadda ta taso daga Legas ko Kalaba zuwa Ingila a jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma, ya kamata ka ga hatimin isarta Liverpool bayan makonni, sannan na Landan ko garin da za ta, ranakun suna bin juna. In ranar isa ta riga ranar tashi, ko tafiyar teku ta zama ta kwana biyar, akwai matsala. Nemi hoton baya kafin ka yi tayi. Wani lokacin ma babu bayan gaba ɗaya, fuskar kawai aka yanke aka ajiye, kuma farashinta bai kamata ya kusanci na cikakkiya ba.

Mu da ke wannan yanki akwai kuskuren da ya shafe mu kai tsaye, wato neman abin da bai taɓa wanzuwa ba. Legas ta samu kan sarkinta a 1874, Gwalkwas (Ghana ta yau) a 1875, yankin Oil Rivers da ke gaɓar kudu maso gabashin Najeriya ta yau a 1892. Arewa kuwa sai ranar 1 ga Janairun 1900 aka ayyana ta ƙarƙashin Birtaniya, kan sarkinta na farko mai hoton Sarauniya Biktoriya ya fito a wannan shekarar, Turawa kuma ba su ci Kano ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Wasiƙun sarakunanmu na ƙarni na 19 manzanni ke kai su, da hatimin sarki, ba su bi ta gidan waya ba. Duk wanda ya nuna maka wasiƙar rajista mai hatimin gidan wayar Kano na 1895, jabu ya nuna maka. Abin da za ka iya samu na gaskiya daga ƙarshen wancan ƙarni shi ne hatiman Akassa da Burutu da Lakwaja a kan kan sarkin Birtaniya, kuma na Lakwaja a 1899 ya fara bayyana.

Akwai kuma wasiƙun da na gaske ne amma ba na harka ba. Tun shekarun 1890 masu tara kan sarki a Turai suke sa a aiko musu da ambulan ɗauke da jeri guda cif, an jera su reras, kuɗin ya ninka abin da ake buƙata, kuma ta rajista suke so don kada ta ɓata a hanya. Kan sarkin wucin-gadin da aka buga a Kalaba a 1893 da yawansu ta wannan hanya suka tsira. Ba laifi ka saya, amma ka san abin da ka saya, kada ka biya kuɗin wasiƙar ɗan kasuwa ko ta mishan wadda kuɗinta ya yi daidai da ƙa'ida. A ganina ambulan mai ɗan datti da kuɗi daidai ya fi mai ƙyalƙyali da aka shirya don ado.

Maganar jabu ba ta tsaya ga kan sarkin ƙarya irin na Jean de Sperati ko François Fournier ba. A kan ambulan, yaudarar da ta fi yawa ita ce a cire kan sarki mai araha a maye shi da mai tsada, sannan a ja layin hatimi da tawada ya hau takardar. Sa gilashin ƙara girma a daidai inda hatimin ya sauka daga kan sarki zuwa ambulan, ka duba ko da'irar ta haɗu, ko launin tawadar ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abu mai tsada kuwa kada ka saya sai da takardar shaida daga masana, irin kwamitin Royal Philatelic Society na Landan, ko kwamitin masana na BPA (British Philatelic Association) a Birtaniya, ko Philatelic Foundation ta New York, kuma ka daidaita da mai gwanjo tun kafin biya cewa za ka iya mayarwa in shaidar ta fito ba kyau.

Ajiya ita ce ke kashe abin da ya tsira shekara ɗari da hamsin. Mun saba kai takardun makaranta a yi musu lamineshin, amma yi wa tsohon ambulan haka kashe shi ne har abada, domin ba a iya cire ledar. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa da ke ratsa takarda. Leda mai laushi irin ta PVC tana ɓata launi, sai a nemi aljihun foliyesta na adana takardun tarihi. Danshin damina na kawo ɗigon tsatsa da hunhuna, hunturu na busar da takarda har ta karye a kan ninki, ga gara da kyankyaso, don haka akwati mai rufi, nesa da bango da ƙasa, a riƙa buɗe shi yana shan iska. Kada a ɗora nauyi a kan mai hatimin ɗanko, fashewa yake. Bayanin kuɗi da hanya da inda ka saya kuwa, rubuta shi da fensir a wani kati daban ka sa a bayan aljihun, ba a jikin ambulan ba.